Ma'aikaci ya yi ƙarya da sunan hukuma a gaban alƙali, a aljihun wa za a cire?

Abu Safwan: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri yau zan ɗan cika ku da surutu, abin ya daɗe yana cina. Waɗanda suka san ni a Jidda sun san ina aiki a mu'assasar kafilina, wato kamfanin ubangidan da nake zaune a ƙarƙashinsa a Saudiyya, ta gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), ni ne mai kula da yara a wurin aiki. To mun yi wa wata hukuma aiki, ba zan faɗi sunanta ba, mukayyif 140 a gine-gine uku, wanki da canjin gas da canjin kwamfireso na waɗanda suka ƙone, a tsakiyar zafi muna kan rufi tun bayan asuba. Muka gama, aka zagaya da mu ɗaki ɗaki, ma'aikacinsu ya sa hannu a takardar karɓar aiki ya buga hatimi. Kuɗi riyal 86,000 shiru. Wata shida muna zarya, ƙarshe kafili ya ɗauki muhami, wato lauya, aka kai Diwanul Mazalim, kotun da ake ƙarar hukumomin gwamnati. Wallahi a zaman kotu na biyu wakilin hukumar ya kawo amsa a rubuce wai ba mu gama aikin ba, wai an aiko mana da inzari, wato takardar gargaɗi, har sau biyu muka yi biris, wai babu wata takardar karɓar aiki a fayil ɗinsu. Ni kuma kwafin da ke hannuna ya ɓace lokacin da aka rushe unguwarmu a 2022 muka kwashe kaya cikin kwana uku.

Abu Safwan: Kafili ya ce ni na cuce shi, ya riƙe min albashi wata huɗu. Yaran da muka yi aikin da su biyar, ɗaya ya gaji ya koma gida bai ga ko halala ɗaya ba. Sai wata rana uwar Safwan tana neman katin rigakafin ƙaramar yarinya, ta buɗe wani tsohon gwangwanin Nido da take tara takardu, ga takardar nan a ninke huɗu, gefe ɗaya ya sha mai amma hatimi da sa hannu raɗau. Kun san abin mamaki? Mutumin da ya sa hannu ya karɓi aikin, shi ne dai ya rubuta wa sashen shari'arsu cewa ba a yi aikin ba. Suna ɗaya, sa hannu ɗaya. Alƙali ya ɗora takardun biyu a allo ya tambayi wakilin, shi kuwa sai cewa ya yi a ba shi lokaci ya koma ya tuntuɓi ofis. Muka ci, suka ɗaukaka ƙara, muka sake ci, aka biya bayan shekara biyu da wata huɗu. Makon jiya na koma ginin wani aiki, ga mutumin nan a kujerarsa har yana miƙo min gahawa da dabino. Tambayata ita ce, shi ke nan? Hukuma ta biya daga baitulmali, shi da ya yi ƙaryar ko riyal ɗaya bai fita daga albashinsa ba?

Maman Hanan: Innalillahi. Kuma ka karɓi gahawar Yaya?

Abu Safwan: Na karɓa mana Hajiya, iƙamata, takardar izinin zama, saura wata biyu a lokacin, ina ni ina fushi 😅

Ɗan Misfala: Alhaji ka gode wa Allah kawai ka ci kuma an biya ka. A bar kaza cikin gashinta. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ka samu kotu ta ba baƙo gaskiya a kan ofishin gwamnati ai wannan ma abin yanka rago ne. A gida da yanzu kana shekara ta tara ana ɗage zama.

Abu Safwan: Na gode masa ƙwarai, kuma ban ce alƙali bai yi adalci ba, ya yi. Amma albashina na wata huɗu da yaron nan da ya tafi hannu rabbana fa? Kuɗin muhami ma kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka biya ya cinye.

Barista Riyad: Wa alaikumus salam. Abu Safwan sannu da haƙuri. Ni lauya ne a gida kafin in zo nan karatu, don haka ba fatawar muhami zan ba ka ba, amma bari in raba maka abin gida biyu don ana yawan cakuɗa su. Akwai ƙin bin hukunci bayan an yanke, akwai ƙarya kafin a yanke. Na farkon nan ƙasar an ɗaure shi tamau. A 2021 aka fitar da dokar zartar da hukunci ta Diwanul Mazalim, ma'aikacin gwamnati da ya yi amfani da kujerarsa ya hana a zartar da hukunci zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7 da tarar da ta kai riyal 700,000, wanda kuma ya ƙi zartarwa da gangan bayan an yi masa gargaɗi shekara 5 da riyal 500,000. Har kotu ta musamman aka buɗe wa wannan a Riyad a 2024. Shi ya sa da hukuncinku ya tabbata ba su tsaya wasa ba, mutum ya san wuyansa ne a ciki ba wuyan hukuma ba. Na biyun shi ne naka, kuma shi ba ya tashi da kansa. Alƙalin da ke gabanku tambaya ɗaya aka kawo masa, ana bin hukuma kuɗi ko ba a bi. Ya amsa. Wane ne ya yi ƙarya a cikin ofis wata ƙara ce daban, sai wani ya ɗauke ta ya kai.

Abu Safwan: A kai ina kenan Barista?

Barista Riyad: Nazaha, hukumar yaƙi da rashawa, lambarsu 980. Tun ƙarshen 2019 aka haɗe musu binciken ma'aikata a wuri ɗaya. Kuma dokar jabun takardu ta nan ta ce ma'aikacin da ya yi jabu a takardar da rubuta ta aikinsa ne, ɗaurin shekara 1 zuwa 7 ne. Ko takardar mutumin naka ta shiga wannan layin, wannan muhami ne zai duba maka ya gaya maka, amma inzari biyun nan da ya ce an aiko, in an je rajistar fitar da wasiƙu ba a ga lambarsu ba, ko aka ga an cusa su daga baya, to magana ta canza.

Kawu Tijjani Makka: Ku yara kuna ta doka doka, ai wannan maganar an gama ta tun kafin a haifi kakanninmu. Shaidar zur ce. Hadisin yana Buhari da Muslim, Manzon Allah SAW yana lissafa manyan kaba'irai, shirka da saɓa wa iyaye, yana kishingiɗe sai ya tashi zaune da ya zo kan shaidar zur, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka ce ina ma ya yi shiru. Kuma wanda ya yi karatun zaure a cikinku ya san a Risala an ce mai shaida in ya janye bayan an yanke hukunci, ya yarda ƙarya ya yi, shi zai biya abin da shaidarsa ta salwantar. Shi, da dukiyarsa. Ba a ce liman ya biya masa ba, ba a ce baitulmali ba.

Ɗan Misfala: Kawu Allah ya ƙara lafiya, amma ai wannan ba shaida ya bayar ba, takardar ofis ya rubuta, bai ma taka kotun ba.

Kawu Tijjani Makka: To ita takardar aljanu ne suka karanta ta ko alƙali? Ɗana, wanda ya haƙa rijiya a hanya ya rufe da ciyawa ba sai ya tsaya a wurin ba.

Ummu Rayyan: Ni nan ne abin yake ba ni haushi wlh. A ce "hukuma ta ce", "ma'aikata ta musanta". Hukuma tana da baki ne? Mahaifinmu Allah ya jiƙansa shekara 33 yana koyarwa a gida, da ya yi ritaya aka ce babu fayil ɗinsa, muka kai kotu, aka kawo takardar rantsuwa wai tun shekaru da dama ya bar aiki da kansa. Mutumin da har ranar ƙarshe da kekensa yake zuwa makaranta, rabin garin ɗalibansa ne. Ni ina nan ina aikatau ina tura kuɗin lauya, duk wata riyal 400. Ya rasu ana saura sati uku a yanke hukunci. An ba mu gaskiya a takarda, yau shekara huɗu ko sisi.

Maman Hanan: Allah ya jiƙan Baba ya sa can ta fi nan. Wannan kam sai dai a lahira.

Barista Riyad: Amin. Anti Ummu Rayyan in kin duba takardar rantsuwar nan, na yi imani ba darakta ba ne ya rantse. Abin da ake yi a gida Najeriya, kuma ni ma na yi shi Allah ya yafe min, sai a kira ƙaramin akawu na sashen shari'a, wani lokaci ma yaron ofishin lauya, shi zai je ya rantse cewa wane ya shaida min a ofis rana kaza da ƙarfe kaza kuma na gaskata shi. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da haka muddin ya faɗi wanda ya gaya masa. To ka ga an raba ƙaryar biyu, wanda ya san gaskiya bai rantse ba, wanda ya rantse bai san komai ba. Dokar Penal Code da muke aiki da ita a Arewa ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 kan shaidar ƙarya a kotu, amma wa za ka kama? Sannan ga dokar kare jami'an gwamnati da ta ce in za ka kai ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki sai cikin wata 3. Sannan in ka ci, kafin ka taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya sa hannu, wato lauyan wanda ka kayar shi zai ba ka izinin karɓar kuɗinka. Shi ne ƙila inda naku ya maƙale.

Ummu Rayyan: Wallahi haka ne, wani yaro ne ya rantse, ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Baba ya fara aiki.

Sani Mai Wurno: Mu a Sudan kalma ɗaya ce ta kashe mu, hasana, wato kariya. Ɗan sanda ko jami'in tsaro ya yi maka abu a bakin aiki, ba za a gurfanar da shi ba sai shugabanninsa sun yarda an cire masa ita. Ka rubuta ka jira, ka rubuta ka jira. Yanzu ma da yaƙi tun 2023 wa ke maganar fayil.

Injiniya Bala: Jama'a bari in zama baƙin jini a zauren nan. Na yi aikin gwamnati shekara 11 kafin in fito. In kuka ce duk shari'ar da hukuma ta faɗi a cire a albashin wanda ya sa hannu, wallahi babu wanda zai sake sa hannu a komai, fayil ɗin da ke kwana uku a tebur zai kwana wata uku, kowa na tura wa na sama. Kuma 'yan kwangila ba waliyyai ba ne, afuwan Abu Safwan ba da kai nake ba, na ga wanda ya shafa fenti a tsohon janareta ya kawo a matsayin sabo. In ma'aikaci yana tsoron a ci shi tara sai ya sa hannu ya karɓi aikin banza don a zauna lafiya. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Kun manta P&ID? Kamfani ya ƙulla yarjejeniyar gas da Najeriya a 2010, ko bulo ɗaya bai aza a Kalaba ba, aka yanke hukunci Najeriya ta biya shi dala biliyan 6.6 a 2017, da kuɗin ruwa ya kai wajen biliyan 11, sai a 2023 kotun Landan ta soke hukuncin saboda ta gano da cin hanci da zamba aka samo shi. Gwamnati ma ana yi mata ƙarya.

Ummu Rayyan: Injiniya misalinka ai namu ne ba naka ba. Wa aka ba cin hancin? Ba jami'ar gwamnati ba ce a ciki? Ko ta ina ka juya akwai mai sa hannu.

Abu Safwan: Injiniya ban ji haushi ba, na san irin 'yan kwangilar da kake faɗa. Amma ni ban ce wanda ya yi kuskure ba, ban ce wanda ya fassara doka alƙali ya ce ba haka ba. Mutum ya zagaya da ni ɗaki 140 yana ɗora hannu a bakin mukayyif yana jin sanyi, ya sa hannu, sannan ya rubuta bai taɓa gani ba. Wannan mantuwa ce?

Injiniya Bala: A'a wannan kam ba mantuwa ba ce. Amma ka tambayi kanka me zai ci da ita. Abin da na sani a irin wannan, kasafin shekarar ya ƙare ko an karkatar da kuɗin wani wuri, mudir, wato shugaban ofis, ya kira shi ya ce nemo mana dalilin da za mu jinkirta, shi kuma yana da 'ya'ya shida da bashin mota. Ka kama shi, mudir yana gefe yana shan shayi. Ƙaramin kullum shi ake yankawa.

Kawu Tijjani Makka: To sai ya faɗi wanda ya sa shi. Da an taɓa cire wa mutum ɗaya albashin wata uku, gobe in mudir ya ce rubuta, zai ce ranka ya daɗe ba ni a rubuce. Daga ranar ƙaryar ta mutu, don babu mudir ɗin da zai rubuta.

Barista Riyad: Kawu ya taɓo wurin. Indiya sun gwada irin wannan, can gwamnati ce ta fi kowa yawan shari'a a kotuna. A 2020 jihar Madhya Pradesh ta zo Kotun Ƙoli da ɗaukaka ƙara bayan ta makara kwana 663, kotu ta kore ta, ta ci ta tarar kuɗin Indiya rupee 25,000, ta ce a cire daga jami'an da suka jawo jinkirin kuma a kawo mata shaidar an cire. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma sai an rubuta sunan mutum kafin a cire, sunan ne abin tsoron.

Injiniya Bala: Wannan jinkiri ne Barista ba ƙarya ba, jinkiri ana ƙirga shi da kalanda. Ƙarya sai ka tabbatar mutum ya sani, nan ne wahalar.

Barista Riyad: Na yarda, shi ya sa irin ta Abu Safwan ba kullum ake samu ba, sa hannu biyu na mutum ɗaya suna ƙaryata juna. Yawanci cewa ake fayil ya ɓata, ka je ka kama iska. Kuma kada mu ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Gidan waya na Birtaniya, mallakar gwamnati, tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassansa sama da 900 kan sata da maguɗin lissafi, alhali manhajar kwamfuta mai suna Horizon ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Ana ce wa kowa kai kaɗai ne ke da wannan matsalar. Wasu sun yi gidan yari, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba, wasu sun kashe kansu. Sai da 555 daga cikinsu suka haɗu suka kai ƙara suka ci a 2019, a 2024 majalisa ta yi doka ta wanke su. Diyya daga kuɗin haraji ake biya, kuma har lokacin da aka yi dokar babu manaja ko ɗaya da aka ɗaure kan wannan.

Maman Hanan: Kai! Har Turawan ma? Ni da nake cewa can ne ake adalci.

Ɗan Misfala: To kun gani. In Ingila ba ta iya ba, Abu Safwan da iƙamar wata goma sha biyu ne zai iya? Ni shawarata ɗaya, kada ka ɗebo da zafi. Mutumin nan ɗan ƙasa ne, ba ka san wa ya sani ba, kuma mu'assasarku tana neman aiki a wurinsu gobe.

Ummu Rayyan: Haka kowa yake cewa, shi ya sa yake zaune yana raba gahawa. Wa ya san mutum nawa ya yi wa haka waɗanda matansu ba su da gwangwanin Nido.

Maman Hanan: 😂😂 gaskiya uwar Safwan ta cancanci zinari, Yaya ka kai ta kasuwar Balad.

Abu Safwan: An riga an kai ta Hajiya, awarwaro biyu, ba ta bar ni na huta ba sai da aka yi.

Injiniya Bala: Magana ta gaskiya Abu Safwan, in za ka kai, kada ka rubuta da zafin rai, kada ka ce ɓarawo ne ko ya nemi cin hanci tunda ba ka gani ba, nan ƙasar ƙarar sharri tana juyowa kan mai ita. Takardu uku kawai, ta karɓar aiki, amsar da suka kai kotu, da takardar hukunci. Ka ce ga su ku duba kwanan wata da sa hannu. Kuma ka nemi a binciki wanda ya ba da umarnin, kada a tsaya kan ƙaramin.

Barista Riyad: Daidai. Kuma kafilinka ne mai ƙarar a takarda ba kai ba, ka fara zama da shi. In ya ƙi, kai ma kana da damar kai rahoto da kanka. Albashinka na wata huɗu kuma wannan tsakaninka da shi ne, kotun ma'aikata ce, kuma ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara a kan haƙƙinsa na aiki. Ya mayar maka kuwa da aka biya shi?

Abu Safwan: Biyu ya ba ni, ya ce sauran sun tafi a kuɗin muhami.

Kawu Tijjani Makka: La haula. Ashe masu cin naka biyu ne, ɗaya ka kawo mana.

Abu Safwan: Kawu wancan ina ganinsa kullum ne shi ya sa 😅 Zan same shi bayan sallar Juma'a in sha Allah, duka maganganun biyu zan ɗora masa. Barista zan turo maka hoton takardun ta akwati ka duba min kafin nan, ta gwangwanin sai ka ƙara haske, man ya cinye kwanan watan gefe ɗaya amma ana ganin shekarar.

Barista Riyad: Turo, amma ka rufe sunaye da lambar iƙama tukuna. Kuma asalin takardar kada ta sake komawa gwangwani.

Sani Mai Wurno: Yaron da ya koma gida fa, akwai mai lambarsa? In kafili ya saki kuɗi a tuna da shi.

Abu Safwan: Ina da ta yayansa a Zandar, zan neme shi daren nan.